Ruwan Tiga Da Kwalbar Da Ta Biyo Shi

Duk macen da ke ɗora tukunya a ƙasar Kano, ko ta sani ko ba ta sani ba, tana cin arzikin Kura. Shinkafar nan da muke kira 'yar gida, da tumatirin da ake jibgewa kwando-kwando a Kwanar Gafan, da albasa, da ɗanyar masarar da ake gasawa a bakin titi rani tsaka, da yawansu daga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam suke fitowa. Wannan alheri ne babba, kuma babu mai musunsa sai wanda bai san yunwa ba.

To amma ruwan da ya kawo wannan alheri bai zo shi kaɗai ba. Akwai baƙuwar da ta biyo shi a baya, wato kwalbar maganin ƙwari. Da farko a gona ta tsaya, sannu a hankali ta shigo zaure, yau ga ta a ƙarƙashin gado, ga ta a bayan randa, wani gidan ma a kan kanta ɗaya take da gishiri da kanwa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka bari mu waiwaya mu ga inda wannan baƙuwa ta fito, da yadda aka yi ta samu wurin zama a gidajenmu, da irin ɓarnar da ta yi wa waɗanda suka saki jiki da ita.

Kura kafin zuwan ruwa

Tun kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta. Marinan Kura su ne gwanayen baƙin rini mai sheƙi, irin wanda ake yin rawanin nan da ake kira ɗan Kura da shi. Marini zai haɗa baba da toka da katsi a cikin karofi, ya bar su kwanaki har su nuna, sa'annan ya yi ta tsoma sawaye yana fitarwa har launi ya kama. Daga nan sai a miƙa wa mabuga, su barbaɗa shuni su yi ta bugu har tufa ta riƙa walƙiya. Buzayen Azbin kan zo da ayarin raƙuma ɗauke da gishiri, su koma da wannan kaya. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a shekarar 1851, ya rubuta cewa ƙarfin arzikin ƙasar Kano yana ga saƙa da rini. Kin ga ke nan haɗa sinadari ba baƙon abu ba ne a Kura. Sai dai duk abin da marini ke zubawa a karofi, ya san bishiyar da ya fito, ya san kuma iyakar cutarsa.

Haka abin yake ta wajen dafi. Mutanen da sun san dafi sarai. Masunta sun san majimfa da ake zubawa a ruwa kifi ya taso, maharba sun san ƙwanƙwani da suke shafa wa kibiya, kowace uwa kuma tana kwaɓar ɗanta idan ta ga ya nufi zaƙami ko nonon tinya. Dafin wancan zamani kowa ya san fuskarsa, ya san sunansa, kuma ba a taɓa kiransa da wani suna mai daɗi ba.

Ta wajen ajiyar abinci kuwa, kakanninmu mata ba su da kwalba ko ɗaya. Gero da dawa a damensu ake zuba su a rumbu. Wake kuwa, wanda shi ne ƙwaro ya fi so, sai a shanya shi ya bushe ƙarau, a gauraya shi da toka ko lallausan yashi, wasu su ƙara busasshen barkono, a zuba a tulu a liƙe bakin da laka. A gona ma akwai wani mai gadi da Allah Ya ajiye, shi ne rani. Da zarar an gama kaka ƙasa ta bushe, wata shida ko bakwai babu ɗanyen ganye sai a 'yan fadamu, sai yawancin ƙwarin gona su mutu da yunwa da zafi. Ki riƙe wannan magana ta rani, za mu dawo kanta.

Zuwan ruwa

A shekarar 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamnanta na farko, ya yi mulki har 1975. Mutum ne da ya sa noma da ruwa a gaba. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, aka soma gwajin noman rani na zamani a Kadawa, sa'annan daga 1971 zuwa 1974 aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano. Ana cikin wannan aiki ne aka yi mummunan farin nan na 1973, wanda ya kashe dabbobi ba iyaka, ya kuma koro mutane daga arewa suna neman abin da za su sa a baka. Wanda duk ya ga wannan fari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin tare ruwa.

Daga Tiga aka ja babban kanal ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke shiga gonaki, ruwan yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da hekta 22,000. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, kula da aikin ya koma hannunta. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 ta Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na bunƙasa noma, duk ana kwaɗaitar da manoma takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, sai idon ƙasa ya daɗa komowa kan Kadawa.

Rayuwa ta sauya ƙwarai. Magidancin da a da yake tafiya cin rani bayan kaka, sai ya zauna gida yana noma sau biyu ko uku a shekara, shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin turara shinkafa da shanyar kauɗa da sayar da abinci ga 'yan ƙwadago sun yi wa 'ya'ya mata da yawa kayan ɗaki. An dai ga ɗaya fuskar ruwa a watan Agusta na 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta share gonaki da gidaje, aka yi asarar rayuka. Wannan masifa ce da kowa ya gani da idonsa, aka yi kuka, aka yi jaje. Wadda za mu yi magana a kanta ita ba ta zuwa da ƙara.

Kin tuna mai gadin nan da muka ce, wato rani? To, ruwan kanal ya sallame shi daga aiki. Yanzu ƙasa kore take shar shekara ɗungurungum, ƙwaro ya gama da shinkafa ya tsallaka masara, ya gama da masara ya faɗa tumatir, babu watan da zai kwana da yunwa. Bugu da ƙari, a da manomi kan haɗa gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya, yanzu kuwa sai ki ga fili iya ganinki amfani iri ɗaya ne, wanda ga ƙwaro tamkar an shimfiɗa masa tabarmar walima ne. Da ƙwari suka yawaita, dole manomi ya nemi mafita, mafitar da ke kusa kuwa ita ce kwalba da injin feshi.

Asalin kwalbar

Ita wannan kwalba daga nesa ta taso. A 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paul Müller ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari ba sassauci. A Yaƙin Duniya na Biyu aka yi amfani da shi wajen kashe sauro da ƙwarƙwata, ya ceci mutane da yawa daga zazzaɓi, har aka ba mutumin babbar kyautar Nobel a 1948. Duniya ta ɗauka an gama da ƙwari ke nan. Ashe shi DDT ba ya ruɓewa da wuri. Yakan zauna a ƙasa da ruwa shekara da shekaru, ya shiga jikin kifi da tsuntsu, ya taru a kitsen mutum. Wata mata 'yar Amurka, Rachel Carson, ita ta tona wannan asiri a littafin da ta fitar a 1962. Kamfanoni suka yi mata ca, amma bayan shekara 10, a 1972, Amurka ta hana fesa DDT a gonaki. Ki lura fa, 'yar uwa, mace ce ta tsaya kai da fata a kan wannan magana.

DDT yana da wani ɗan uwa da mu muka fi sani, wato gamalin, wanda sinadarin cikinsa ake kira lindan. Don gonakin koko na kudu aka yi ta shigo da shi, amma bai tsaya can ba. Wasu masunta marasa tsoron Allah suka maye gurbin majimfa da shi, suna zubawa a kogi su kwashe kifi babba da yaro su kai kasuwa. 'Yan kasuwa suka riƙa yayyafa wa wake da masara. Shi ma a kitse yake taruwa, har yakan fita ta ruwan nono zuwa cikin jariri, idan kuma ya yi yawa a jiki sai jijjiga kamar ta farfaɗiya. A 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin sinadaran da aka yi yarjejeniyar kawarwa, a 2015 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar yana haddasa kansa.

Akwai kuma wani dangi na biyu, wanda tarihinsa ya fi ban tsoro. A 1936 wani Bajamushe mai suna Gerhard Schrader yana neman sabon maganin ƙwari, sai ya haɗa wani abu da ɗan tururinsa kaɗan ya kusa hallaka shi da abokan aikinsa. Sojojin Hitila suka karɓe shi suka mayar da shi makamin guba. Daga wannan dangi ne aka samo magungunan feshi da dama na yau, ciki har da sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper. An rage musu ƙarfi, amma aikinsu a jiki iri ɗaya ne. Jijiyoyin jikin mutum suna aiki ne da saƙo, a aika a ce motsa, sa'annan a aika a ce tsaya. Wannan dafi shi ne yake toshe saƙon tsayawa. Shi ya sa za ki ga wanda ya sha ko ya shaƙa yana dalalar da yawu, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama kamar kan allura, ga amai da zawo, naman jikinsa na rawa, ƙirjinsa ya cika da majina har numfashi ya gagara. Yadda yake kashe kyankyaso, haka yake kashe mutum, bambancin kawai yawan da ake buƙata. Kuma ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga.

In kina son ki san ƙarfin abin da ake sarrafawa a masana'antun nan, ki tambayi mutanen Bhopal ta ƙasar Indiya. A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar garin 3 ga wata, ruwa ya shiga wata tankar sinadari a masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide. Tankar ta yi zafi, iskar guba ta fita ta lulluɓe unguwannin talakawa da ke kewaye suna barci. Mutum fiye da 500,000 suka shaƙa, dubbai suka mutu cikin 'yan kwanaki, wasu dubban suka rayu da ciwon ido da na huhu. Abin da ake haɗawa a wannan wuri shi ne irin abin da ake ƙullawa a kwalba a aiko wa manoma.

Mu kuma da kayan ya iso mana, sai muka yi masa wata gata da bai cancanta ba, muka raɗa masa suna magani. Maganin ƙwari, maganin ciyawa, maganin sauro, har gubar ɓera ma muka kira ta shinkafar ɓera. Kalmar da muke kiran abin da likita ke ba mu mu sha, da ita muke kiran abin da aka yi shi musamman don kisa. Yaro ya ji ana cewa miƙo maganin nan, yaya za a yi ya ji tsoronsa? Gargaɗin da ke jikin kwalba kuwa da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, mai sayarwa a kasuwar ƙauye kuma sau da yawa ya riga ya juye shi a wata roba da ba ta da rubutu ko ɗaya.

Daga gona zuwa madafa

Feshi yana da wata ɗabi'a da manoman rani suka gani da idonsu. Idan aka fesa, raunanan ƙwari su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Haka kuma feshin yakan kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran halittun da ke cinye ƙwarin. Baɗi sai murfi ɗaya ya kasa, a zuba biyu, wata shekara a gauraya kala biyu ko uku a tanki guda. An ga ƙarshen wannan hanya a 2016, lokacin da tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta afka wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta yaɗu har ta iso mu. A cikin ganye da cikin ɗan tumatirin take ɓuya, inda feshi ba ya kai wa sosai. Manoma suka yi ta antaya magani, gonaki suka ƙone duk da haka, kuɗin kwando ya ninka sau da yawa, har sabuwar masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta dakata saboda rashin kaya. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da aka ƙayyade a jira kafin a tsinki amfani, amma manomin da mota ke jiransa a bakin gona ba kullum yake jira ba. Abin da ya rage a jikin tumatirin, cikin miyarki zai ƙare.

Hanya ta biyu ita ce ta buhun hatsi. A 2008 ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar sakandaren 'yammata a Doma, cikin Gombe, suka kwanta asibiti bayan sun ci wake, da aka gwada waken kuwa sai aka tarar da lindan a ciki fiye da kima. A wannan shekara hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili, ta haramta magungunan gona guda 30. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda yawan sinadarin fiya-fiya da ake samu a jikinsa, aka kuma yi ta sabunta hanin bayan haka. Ki tambayi kanki, waken da Turawa suka ce ba su ci, wa ya cinye shi? A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da makamantansa a kasuwanni da kantuna, bayan rayukan da aka yi ta rasawa ta dalilinsu.

Akwai kuma ƙwayar nan mai ruwan toka da ake jefawa cikin buhu, wadda aka fi sani da Phostoxin. Ita da zarar ta ji danshin iska sai ta riƙa fitar da wata iskar guba mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Don rufaffen sito aka yi ta, inda ba mai shiga sai an buɗe ya sha iska. Idan aka sa ta a buhun da ke jingine a ɗakin kwana, ko ɗakin da ke manne da shi, iskar na iya kashe mutanen ɗakin cikin dare, yara su ne kan gaba. Ba ta da makari. Haka ma maganin ciyawar nan mai ƙona ganye nan take, mai sinadarin farakwat, maƙurwa ɗaya ta isa ta lalata huhu, shi ma ba shi da makari, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. A 2010 aka wayi gari yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, sai jijjiga sai suma. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Maza ne ke haƙo duwatsun zinariya su kawo gida, a daka a niƙa a tsakar gida, ƙurar mai ɗauke da dalma ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Babu uban da ya yi nufin cutar ɗansa, abinci yake nema masa, sai dai ya shigo da kayan wurin aiki cikin gida. A nan Kano ma, a watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha kayan sanyi da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, alhali sinadarin masana'anta ne. Farin gari ne, ido ba ya bambancewa.

Abin da ke hannunki

Wata za ta ce, to ni ina ruwana, ni ba na zuwa gona, ba ni na sayo ba. Ai kuwa da ruwanki, domin ke ce ƙofar ƙarshe. Ke ke wanke rigar da maigida ya yi feshi da ita, ke ke auna wake, ke kika san inda kowane abu yake a gidan, kuma ɗanki ne mai rarrafe.

Ki koyi karanta launi ko da ba kya karanta Turanci. A gindin takardar kwalba akwai zane. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Koren ma guba ne, ƙarfinsa ne bai kai ba. Ki lallaɓa maigida ya samar wa kayan feshi akwati mai kwaɗo, nesa da ɗakin kwana da madafa da rumbu. Kada a taɓa juye magani a robar ruwa ko kwalbar lemo, don yaro mai jin ƙishirwa ba ya tambaya. Wannan doka ta haɗa da kananzir da sodar da masu yin sabulu ke jiƙawa, wadda kamarta ɗaya da ruwa, amma takan ƙone maƙogwaron yaro har haɗiya ta gagare shi. Jarkar magani kuwa, komai kyanta, ba ta zama jarkar man gyaɗa ko ta kunu, domin wanki ba ya raba ta da dafin gaba ɗaya. A ɗauraye ta sau uku a can gona, a zuba ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda ta yadda ba mai sake amfani da ita. Kada kuma a wanke injin feshi a kanal, akwai masu wanka da ɗiban ruwa a gaba.

Idan maigida ya dawo daga feshi, ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano. Kayansa a wanke su daban, ba tare da na yara ba. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci wannan wanki. Kada ki kuskura ki shafa fiya-fiya a kai don ƙwarƙwata, ko ki yayyafa a katifa don kuɗin cizo ki kwantar da yara a kai, an rasa rayuka ta wannan hanya. Ga sauro kuwa, gidan sauro ya fi miki. Tumatir da ganye ki wanke su sosai da ruwa mai yawa. Wake ko hatsin da kika ji yana warin magani, kada ki ce wuta za ta kashe, ki mayar wa mai shi. Waken da kika ga ɗan ƙwaro na yawo a ciki ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ƙuda ma ke tsoron sauka a kai.

Ajiya kuma ba dole sai da guba ba. Tun 2007 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka soma yaɗa buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS a ƙasashenmu, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu. Tsabtatacciyar jarka ko duro mai murfi, in an cika ta fal an toshe, ita ma haka take yi. In kin duba, dabarar tulun kakarki ce da ake liƙewa da laka, aka sauya mata riga.

Idan kuma tsautsayi ya faru, Allah Ya kiyaye, ki ajiye maganar manja da madara, ba sa karya wannan dafi, mai ma yana iya taimaka masa shiga jiki. Kada ki tura yatsa a maƙogwaro don a yi amai, aman na iya faɗawa huhu, in kuma soda ce ta sake ƙona hanya. Ki fitar da mutum sarari, ki cire masa kayan da maganin ya taɓa, ki wanke fatar da ruwa da sabulu, in ido ne ki yi ta kwarara ruwa. Sa'annan a garzaya asibiti nan take, a tafi da kwalbar, don likita ya san abin da yake yaƙi da shi. Dangin fiya-fiya suna da allurar da ke karya su in an kai mutum da wuri. Jinkirin a ga abin da hali zai yi shi ne ke kisa.

Mutanen Kura sun shekara ɗaruruwa suna aiki da karofi, ba su bar yaro ya yi wasa a bakinsa ba, domin sun san abin da ke ciki. Ruwan Tiga ya haura shekara 50 yana gudu, ya ciyar da mu, muna roƙon Allah Ya sa ya ci gaba. Abin da ya rage mana shi ne mu san baƙuwar da ta biyo shi kamar yadda kakanninmu suka san zaƙami, mu kira ta da sunanta na gaskiya a gaban 'ya'yanmu, wato guba. Ki gaya wa kishiyarki, ki gaya wa maƙwabciyarki, in an taru a gidan suna ko biki ki sako zancen. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya sa albarka a abin da muke ci. Amin.